Fom ɗin da aka turo maka a waya, a wayar zaka cika shi

Jama'a akwai abinda yake damuna game da yanda muke cika fom can gida, kuma zaman da nayi a nan Turai ne yasa nake ganinsa sosai yanzu. Za'a turo wa mutum fom ta imel ko ta WhatsApp, a kwamfuta aka haɗa fom ɗin nan kuma a kwamfuta za'a karanta shi, amma sai mutum ya tashi ya tafi neman firinta ya buga shi a takarda, ya cika da biro, yayi kuskure a layi na uku ya soke ya rubuta a sama, sannan ya shimfiɗa takardar ya ɗauke ta hoto, inuwar hannunsa ta rufe rabin shafin, ya tura a haka. Shi kuma ma'aikacin da aka tura wa sai ya zauna yana buɗa hoton da yatsu biyu yana ƙoƙarin gane ko wannan 1 ne ko 7, sannan ya sake buga komai da hannunsa. An yi aiki uku maimakon ɗaya, kuma a kowanne kuskure yana iya shiga.

A nan kusan komai fom ne, kama haya, rajistar likita, makarantar yara, haraji, neman aiki, amma da wuya kaga an ce ka buga shi a takarda. Ko dai shafin intanet ne da kake cikewa gurbi bayan gurbi, ko kuma PDF ne mai gurabe wanda kana taɓa wurin sai kibod ya fito ka rubuta. Ba wai Turawa sun fi mu kai bane, sam, abinda na lura shine ba su da ɗabi'ar miƙa wa wani ya cika musu, kowa yana fama da nasa, ofisoshin ma da wannan tunanin suke tsara fom ɗin.

Shi PDF ɗin nan ba sabon abu bane. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, a 1996 aka ƙara masa guraben cikewa, a 2008 kuma ya zama ma'aunin duniya ƙarƙashin ISO, ƙungiyar tsara ma'aunai ta duniya, wanda kowa zai iya haɗa manhajar da zata buɗe shi. Shi yasa yau Chrome da Edge da Firefox duk suna buɗe fom su bar ka ka cika ka adana ba tare da ka sayi komai ba. Abinda mutane da yawa basu gane ba shine PDF iri biyu ne. Akwai mai gurabe na gaskiya, yawanci zaka ga wuraren rubutun da wani shuɗi-shuɗi, akwai akwatunan da zaka taɓa alamar daidai ta fito. Akwai kuma wanda hoton takarda ne kawai aka yi sikanin aka saka masa sunan PDF, ko ka taɓa shi sau ɗari babu abinda zai motsa. Toh ko wannan na biyun baya buƙatar firinta. A Adobe Acrobat Reader na kyauta akwai Fill & Sign, zaka ɗora rubutu a duk layin da kake so, mai iPhone yana da Markup mai irin wannan aikin a cikin wayarsa tun daga kamfani, mai Android kuma manhajar Google Drive tana cika fom mai gurabe. Wayar da mutum yake kallon bidiyo da ita har dare ita ce dai zata yi wannan aikin.

Amma wallahi ba maganar firinta ce ta fi ci min rai ba. Abinda ya fi damuna shine yanda muke ɗaukar takardunmu kacokan mu miƙa wa wanda ake cewa ya iya kwamfuta, mu koma gefe muna jira ya gama. Shi wannan bawan Allah mutane ne a layi a bayanka, sauri yake, bai san ko sunanka Muhammad ake rubutawa ko Mohammed ko Muhammed ba, zai buga wanda hannunsa ya saba. Gurbin sunan mahaifi da na sunanka zai iya juya su. Idan fom ɗin ya nemi imel kuma kace baka tuna naka ba, sai ya buɗe maka sabo nan take, ko ya saka nasa, da lambar wayarsa, da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Bayan wata shida a kira ka intabiyu ko a nemi ka gyara wani abu, saƙon ya tafi akwatin da baka da makullinsa. Na ga wanda ya rasa gurbin karatu a haka, ba don bai cancanta ba, saƙon ya zo kuma wa'adin ya wuce bai sani ba. Na ga wadda aka rubuta mata ranar haihuwa daban da ta fasfo, ta daɗe tana yawon gyara abinda ba ita ta ɓata ba. Kuma kwafin fasfonka da hotonka da lambar katinka suna nan zaune a kwamfutar wani, duk wanda ya zauna a kanta zai iya gani.

Ku duba ƙasan kowane fom mai muhimmanci, akwai layin da yake cewa na tabbatar duk abinda na rubuta gaskiya ne. Kai ne ka tabbatar, ba wanda ya buga maka ba. A nan idan bayaninka ya saɓa da takardunka babu mai sauraron cewa wani ne ya cika min, sunanka ne a kai.

Sa hannu kuma shine hujjar da ake yawan kawo min, wai ai dole a buga a takarda tunda za'a sa hannu. Ba dole bane a mafi yawan lokuta. Amurka tayi dokar amincewa da sa hannu na lantarki tun 2000, Tarayyar Turai tana da tata mai suna eIDAS ta 2014, Najeriya ma Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 93 ta amince da shi. Zaka zana sa hannunka da yatsa a fuskar waya sau ɗaya, manhajar ta adana, ka riƙa ɗora shi inda ake so. Akwai dai takardun da har yanzu ake neman biro ko shaidu a kansu, irin su wasiyya, kuma idan ofis ya rubuta ƙarara cewa da biro yake so toh a yi masa da biro. Sai dai kar ka tura wa kowa hoton sa hannunka shi kaɗai akan farar takarda, wanda ya samu wannan zai iya manna shi a duk inda ya ga dama.

Kar kuma a ɗauka ina cewa nan komai lafiya lau. Akwai wani nau'in fom na Adobe da ake kira XFA, an ma cire shi daga ma'aunin PDF na 2017 amma har yanzu ana amfani da shi, idan ka buɗe shi a waya ko a Chrome babu abinda zaka gani sai shafi ɗaya da Turanci yana cewa ka jira, kuma ko ka kwana kana jira ba zai buɗe ba. Wasu daga cikin fom ɗin shige da fice na Kanada haka suke, sai ka sauke su a kwamfuta ka buɗe da Adobe Reader, ka cika, ka danna maɓallin tantancewa ya fitar da shafin bakod. Fom ɗin bizar Amurka kuwa, DS-160, idan ka barshi minti 20 baka taɓa ba zai fitar da kai, in baka rubuta lambar da ya baka a farko ba kuma baka riƙa adanawa ba sai ka koma baya. Sannan tsofaffin nan suna shan wuya ƙwarai, an rage tagogin da mutum zai je yayi magana da ɗan Adam an ce kowa ya shiga intanet. A wannan ɓangaren gida ya fi, har yanzu zaka samu wanda zai saurare ka ya nuna maka layin da zaka cika, kuma bana fatan mu rasa wannan.

Ofisoshinmu suma suna da nasu laifin babba. Ka ɗauki tsohuwar takardar da aka yi wa fotokofi har layukan sun dushe, ka yi mata sikanin a karkace ka ɗora a shafinka kace ka koma zamani, sannan ka ce fayil kar ya wuce wani ɗan ƙaramin nauyi ba tare da ka faɗa wa mutane yanda zasu rage shi ba. Mayar da takarda ta zama fom mai gurabe aikin yini ɗaya ne ga wanda ya sani, har manhajar LibreOffice ta kyauta tana yi.

Idan zaka cika naka, ajiye fasfo ko katinka a gabanka ka kwafi sunan harafi bayan harafi yanda yake a jiki, ko da ba haka kake son rubuta shi ba. Ka duba tsarin kwanan wata, domin Amurkawa wata suke fara sakawa kafin rana, 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Bayan ka adana ka rufe fayil ɗin ka sake buɗewa, don wani lokacin abinda ka rubuta baya zama sai ka tura fom fanko baka sani ba. A WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, in ka tura a matsayin hoto zai matse shi rubutun ya dushe. Idan kuma Baba ko Inna zaka taimaka wa, ka zauna kusa dasu ka karanta musu kowace tambaya da Hausa su baka amsa da bakinsu, lambar wayarsu zaka saka ba taka ba, kuma ka rubuta musu kalmar sirrin su ajiye a wurinsu.