Tsohon kare da matakalar bene

Kawuna mafarauci ne a wani ƙauye kusa da Malumfashi, kuma tun ina yaro nake jin hukuncinsa a kan karnuka: kwikwiyo ake hora, wanda ya wuce shekara guda ya riga ya bushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji shi. Da wannan na taso, da shi kuma na zo Manchesta, har bara da maƙwabciyata ta sa na fara tantama.

Dattijuwa ce Baturiya, ita kaɗai a gida. Ta je ta ɗauko kare ɗan shekara bakwai daga inda ake ajiye karnukan da suka gama tsere. A nan Ingila ana tseren karnuka kamar sukuwar dawaki, har da caca a kai, kuma yawancinsu kafin su wuce shekara biyar an sallame su. Dogaye ne sirara, ciki a ɗame, kai ka ce karnukan Azawak na Buzaye. Wannan bai taɓa zaman gida ba, daga keji sai fili. Bai san matakalar bene ba, ya tsaya a gindinta yana rawar jiki. Ƙofar gilashi kuwa sau biyu yana buga mata kai. Na ce a raina baiwar Allah ta sayo wa kanta wahala.

Abin da ta yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Tana ajiye ɗan guntun naman kaza a taki na farko, in ya ɗora ƙafa ta yabe shi. Gobe ta matsar zuwa na biyu. Minti biyar, sai ta ƙyale shi. Ba tsawa, ba sanda. Kafin wata ya cika yana hawa yana sauka, daga baya ya koyi tsayawa a bakin titi har sai ta ce ya taho.

Masana ma sun gwada abin. A jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana, babban birnin Ostiriya, an tara karnukan kiwon tumaki 95, daga ɗan wata biyar zuwa ɗan shekara 13, aka koya musu zaɓen hoto a allon kwamfuta da hanci. Sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna tsofaffin sun fi jinkiri, sai an maimaita musu sau da yawa, kuma suna da wuyar sakin abin da suka saba. Amma sun koya. Da aka dawo da karnukan bayan wata shida, tsofaffin ba su fi matasan mantuwa ba.

Ban ce kawu ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Akwai abin da ƙuruciya ce lokacinsa: daga mako uku zuwa kusan sha biyu kwikwiyo ke sabawa da mutane da hayaniya, wanda ya rasa wannan yakan girma da tsoro. A nan ne nake ganin bambancinmu da su. Karen gida a wajenmu da jifa yake girma. Yara su jefe shi, mai tsire ya kore shi, in ya leƙa zaure a bi shi da muciya. Karen da ya shekara biyar yana ganin hannu ya ɗaga sai dutse ya biyo, ta yaya za ka ɗaga masa hannu ka ce ya zauna? Sai ya arce, mu kuma mu ce ya tsufa, ba ya ɗaukar horo. Wani lokacin ma kunnen ne ya yi nauyi, ko gaɓoɓi ke ciwo, mu ɗauka taurin kai ne.

Turawan ma suna da nasu wuce gona da iri. Kare a gado, kare da rigar sanyi, kare da inshorar lafiya. Wannan ban saba da shi ba, ba kuma zan saba ba. Ni dai kare nawa na gadi ne da farauta, wurinsa waje. Sai dai horo ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Aya ta huɗu a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka hora ta kamo, malamai kuma suna gane horarren kare da halinsa: a tura shi ya tafi, a tsawata masa ya tsaya. Aiki ake dubawa, ba furfurar baki ba.

Da sallar da ta wuce na kira kawu na ba shi labarin bene da naman kaza. Ya yi dariya har da tari.

"Kai ɗana, kazar da ban samu na ci ba ita zan ba Duna?"

Na ce, "Kawu, ko ƙanzo ne ai ya isa, muddin a lokacin da ya yi daidai aka ba shi."

Ya yi shiru kaɗan. Can ya ce akwai wata tsohuwar karya da ya gada daga wani abokin farautarsa da ya rasu. Da farko ba ta amsa fitonsa, sai na marigayin. Rani guda ya yi yana fita da ita su biyu, in ta kamo zomo ya ba ta kayan ciki nan take, har ta koma ba ta jin fiton kowa sai nasa. Na tambaye shi shekararta nawa a lokacin. Ya ce ta kai takwas, sannan ya tambaye ni ko sanyi ya ragu a can.