Ƙuri'a 371 ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa

Zaɓe na ƙaratowa sai a tono rigimar takardar makaranta. An yi wa Buhari a 2015, an sake a 2019, na Tinubu kuwa har kotun Amurka aka je ana neman takardunsa na jami'a a Shikago. Mu kuma muna nan muna ta ɓaɓatu a Facebook, wane ba shi da satifiket, wane na jabu ya kai. A ganina an shagaltar da mu ne kawai.

Ku duba sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999. Abu huɗu kacal yake nema daga mai neman shugabancin ƙasa: ka zama ɗan Najeriya ta haihuwa, ka kai shekara 35 (da 40 ne, sai a 2018 aka rage), ka yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, sannan jam'iyya ta tsayar da kai. Wannan "makamancinsa" ma sashe na 318 ya faɗaɗa shi sosai, har wanda ya gama firamare, ya yi aiki shekara goma, ya halarci kwas, ya iya Turanci, zai iya shiga. Ke nan malamin makarantar unguwarku ya cika uku cikin huɗu.

Na huɗun ne tarkon. Ba a yarda da ɗan takarar indifenda (mai zaman kansa, marar jam'iyya) ba, dole ka bi ta jam'iyya, jam'iyya kuwa ba ta san "Allah ya ba da sa'a" ba. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Ka ɗauki kalkuleta: ma'aikacin da ke wannan mataki sai ya tara albashinsa kaf, ba ci ba sha, sama da shekara 270 kafin ya sayi fom ɗin APC. Fom kaɗai fa, ba a zo ga daliget ba, wato wakilan jam'iyya masu jefa ƙuri'a a fidda gwani.

A 2022, su daliget ɗin nan su ne masu zaɓen gaske. Atiku ya ci fidda gwani na PDP da ƙuri'a 371, Wike ya samu 237. Tinubu ya ci na APC da 1,271. Ƙasar da ke da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93 a 2023, amma mutanen da ba za su cika filin wasa ɗaya ba ne suka tace mana wanda za mu dangwala wa. Labarin dalolin da ke yawo a otal-otal na Abuja a daren fidda gwani kuwa, kowa ya ji shi. Shi ya sa ban yi mamaki ba da kusan kashi 27 cikin ɗari kawai suka fito a 2023.

Abu ɗaya nake yaba wa tsarin: sharaɗin samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 24 cikin 36. Shi ke tilasta wa ɗan takara ya nemi Kano ya nemi Legas. Ko shi ɗin ya sha jayayya, tun 1979 da aka yi lissafin jihohi 12 da biyu bisa uku cikin 19 na lokacin tsakanin Shagari da Awolowo, a kan ƙuri'un Kano.

In za a taɓa kundin, a fara da halatta indifenda, a sa wa kuɗin fom iyaka, a kuma bar kowane mai katin jam'iyya ya jefa ƙuri'arsa a fidda gwani a mazaɓarsa.