Wiwi a cikin man shanu: gidajenmu ba su da murfin da zai rufe wannan haɗari

A cikin bidiyoyin girke-girke da ke yawo a TikTok da Facebook, akwai wani iri da ya kamata iyaye a Garwa, Marwa da Ngaundere su san da shi. Za ka ga madafi tsaf-tsaf, mai girki cikin fara'a, yana koyar da yadda ake haɗa tabar wiwi da man shanu, a yi kek ko biskit da shi. Da yawansu da Faransanci ake yin su, don haka yaronmu da ya je lise, wato makarantar sakandare, ba ya bukatar tafinta. Babu hayaƙi, babu wari a riga, babu jan ido a nan take. Abin da ke jan hankalin matashi ke nan, kuma shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali.

Hukuncin abin a fili yake. Dokar Kamaru mai lamba 97/019 ta ranar 7 ga Agustan 1997 ta hana noma wiwi, da sayar da ita, da mallakarta, ko a kira ta banga ko a kira ta ganye. A addini ma, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Amma matashin da ke kallon bidiyon ya san duk wannan, bai hana shi kallo ba. Hujjarsa daban ce: ai ci ya fi sha sauƙi tunda huhu ya tsira, kuma ai ƙasashen da suka ci gaba sun halatta. Wannan hujja ce ya kamata a amsa.

Gaskiya ne huhu ya tsira daga hayaƙi. Sai dai cin wiwi da shan ta ba hanya ɗaya suke bi a jiki ba. Wanda ya zuƙa, cikin mintuna kaɗan ya ji ta hau masa kai, ya san inda ya tsaya. Wanda ya ci, sai sinadarin da ke sa mayen, wato THC, ya bi ta hanji ya isa hanta, hanta kuma ta juya shi zuwa wani sinadari mai ƙarfin gaske. Kafin mutum ya fara jin komai yakan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu, idan kuma ya taso yana iya kai awa shida, takwas, ko fiye. A wannan tazarar ake yin ɓarna. Mutum ya ci yanki ɗaya, shiru. Ya ce wannan ba ta da ƙarfi, ya ƙara. Sai duka su taso masa lokaci guda: bugun zuciya, amai, tsoro marar dalili, wani har ya riƙa ganin ana bin sa.

A watan Maris na 2014, watanni kaɗan bayan jihar Kolorado ta Amurka ta fara sayar da wiwi a shaguna, wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya ci yankin biskit kamar yadda mai shago ya ce, bai ji komai ba, sai ya cinye sauran. Biskit ɗin na ɗauke da miligiram 65 na THC. Daga baya hankalinsa ya gushe, ya faɗo daga benen otal a birnin Denver ya mutu. Wannan fa kayan shago ne, an auna, an rubuta a jikin leda. Kanada, wadda ta halatta wiwi a 2018, ba ta yarda a sayar da ta ci ba sai bayan shekara guda, kuma ta ƙayyade kada fakiti ya wuce miligiram 10 na THC. Mai haɗawa a ɗakinsa a unguwar Domayo ko a bayan kasuwar Kusseri da me zai auna? Cokali ɗaya na iya fita kusan babu komai, na kusa da shi ya kwantar da ƙato.

Amma babbar damuwata ba ta mai ci da saninsa ba ce. Ku dubi yadda muke zama. Abinci a gidan Bahaushe ko Bafulatani ba na mutum ɗaya ba ne. Man shanun da aka saya wajen 'yar Fulani ana zuba shi a kwalbar mayonis da ta ƙare, a ɗora a kan kanta, babu rubutu, babu makulli. Kaka ta miƙa hannu ta ɗebo cokali ta ɗiga a miyar kuka. Amarya ta ɗauka ta shafa wa jariri. Yaro ya hau kujera ya tsoma yatsa ya lashe. Idan kuwa kek ne ko alawar madara aka bari a faranti, wa zai ce wa yaro ɗan shekara uku kada ya taɓa? Shi kansa wanda ya haɗa ba zai iya gargaɗin kowa ba, domin gargaɗin tona asirin kansa ne. Ɓoyewar da ta sa ya zaɓi wannan hanya, ita ce ke cire duk wata kariya daga mutanen gidansa.

A Amurka, inda ake sayar da irin waɗannan kaya cikin mazubi mai wuyar buɗewa ga yara, wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a farkon 2023 ya nuna yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun ci abinci mai wiwi sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Can suna da lambar wayar da ake bugawa idan yaro ya ci guba, da motar asibiti a bakin ƙofa. Mu nan, uwa ce za ta goya yaron ta tsayar da ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya.

Ga kuma wani abin da ya shafe mu musamman. Yaron da ya ci wiwi barci mai nauyi ke ɗauke shi, a tashe shi ya ƙi tashi, ya yi tangaɗi, jikinsa ya saki, wani lokaci numfashinsa ya yi ƙasa. A yankinmu, likitan da aka kawo wa yaro a haka tunaninsa na farko zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau kai, ko sanƙarau idan lokacin zafi ne, kuma yana da gaskiya ya yi tunanin haka. Za a ɗebi jini, wataƙila a ɗebi ruwan ƙashin baya, uba ya yi ta biyan sefa, alhali yayan yaron na tsaye a bakin ɗaki ya san abin da ya faru, tsoron Baba da tsoron jandarma sun rufe masa baki. Daga baya a ce tsautsayi ne, ko a ce shafar aljanu.

Don haka ina roƙon ma'aikatan lafiya su saka wannan tambaya cikin tambayoyinsu, su kuma yi ta a keɓe, cikin muryar da za ta sa saurayi ya iya cewa “ni na ajiye”. Wanda ya faɗi gaskiya don a ceci ƙanensa bai kamata ya zama shi ne farkon wanda za a miƙa wa hukuma ba, in ba haka ba na gaba zai yi shiru. Kwamitin yaƙi da miyagun ƙwayoyi na ƙasa da malamanmu a masallatan Juma'a sun daɗe suna magana a kan taramol da wiwin da ake zuƙa, lokaci ya yi da za su ambaci wadda ake ci, da sunanta, da Hausa da Fulatanci.

Kada kuma wannan magana ta koma bulala a kan matan da ke sayar da fanke, cincin da gullisuwa a ƙofar makarantu. Jita-jita ɗaya a WhatsApp ta isa ta karya jarin bazawarar da ke ciyar da marayu da tire ɗaya. Wiwi kuɗi ake sa wa a saye ta, babu mai zuba ta kyauta a alawar sefa ashirin da biyar. Inda ya kamata uba ya duba shi ne ɗakin samarin gidansa, ya zauna da su, ya tambaye su abin da suke kallo a waya da abin da abokai ke kawo musu a leda.