Rashin karatun boko ba shi ke hana amfani da intanet ba

Nakan ji ana cewa kai intanet ƙauye asarar kuɗi ce, tunda yawancin mutanen can ba su iya karatu ba. Maganar tana damuna, ko da yake na san asalinta: a da kusan komai na intanet rubutu ne, galibi da Turanci.

Yanzu abin ya canza. Tun 2013 WhatsApp ya fito da saƙon murya. Manomin riɗi a ƙauyen Jigawa zai danna waya ya yi wa dillali a kasuwar Dawanau magana da Hausa, ya ji farashin buhu kafin ya ɗora kaya a mota, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Kuma da yawa cikin waɗanda ake cewa ba su da karatu suna karanta ajami sarai, manhajojin ne ba a tsara su da shi ba.

Abin da ke tare su shi ne raunin sabis, tsadar data da ta wayar kanta, da rashin wuta, har sai an kai waya shagon mai caji an biya.