Gawon da Na Ɗauka Gawa Ne

Muna aji huɗu a sashen injiniyan lantarki aka raba mu rukuni-rukuni, aka ce kowane rukuni ya nemo wata matsala da ke damun jama'a ya warware ta. Mu shida muka zaɓi wani ƙauye a kan hanyar Dass a jihar Bauchi, inda rijiyar burtsatse ta daɗe ba ta aiki saboda tsadar man janareta. Abokaina suka naɗa ni shugaba, kasancewar ni kaɗai ne mai babur.

A watan Agusta muka je duba wuri. Na tsara cewa farantan sola huɗu, masu wat 300 kowanne, za su fuskanci kudu, a karkace da digiri 10, daidai da nisan Bauchi daga ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A kudu da wurin akwai wata ƙatuwar bishiya wadda ko ganye ɗaya babu a jikinta, alhali ko'ina ya yi kore shar, sai na rubuta a rahoto cewa busasshiya ce.

Wani dattijo da ke kallonmu ya ce, "Samari, gawo ne fa." Na amsa cikin ladabi, "Na gani, Baba, ai ya riga ya mutu." Ya ɗan jima yana dubana, sannan ya ce, "To, madalla, injiniya."

Ruwa ya zubo a Satumba, mata suka yi guɗa, muka ɗauki hotuna. A Disamba mai unguwa ya kira ni ya ce famfo ɗiga kawai yake yi. Yini biyu muka yi muna kwance wayoyi muna zargin juna, kafin na ɗaga kai na ga mamacin nawa ya yi ganye luf-luf. Ashe gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo, kuma a Disamba rana tana karkata kudu, don haka inuwarsa ta kwanta a kan faranti biyu. Da yake a jere muka haɗa wayoyinsu, wuta na bi ta wannan ta shiga wancan, wutar duka huɗun ta faɗi.

Na kawo shawarar a sare shi. Mai unguwa ya ce 'ya'yan gawon awakinsu ke ci, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi kowanne kyau. Dole muka tone turakun muka matsa gaba. Dattijon nan ne ya riƙe mini tsani, ya nuna wani dutse da baki ya ce, "Injiniya, duba wancan ma da kyau, kada ya tofo."