Wa ke biyan kuɗin yatsun da inji ya cinye?

Duk lokacin da aka yi zancen kare lafiyar ma'aikata, abin da masu wurin aiki ke fara faɗa shi ne tsada. Hular kwano kuɗi ce, safar hannu da takalmin aiki kuɗi ne, horar da ma'aikata kuɗi ne, tsayar da inji a duba shi ma asarar awoyi ce. Ban musa ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake tsayar da lissafin a nan, kamar hatsari shi kyauta yake zuwa.

Na taɓa aiki a wani wurin yankan katako. Injin zarton yana da murfin ƙarfe da ke tare hannu daga haƙoransa, amma aka kwance shi aka rataye a jikin ƙusa, wai yana rage saurin aiki. Kullum muna wucewa ta gabansa har ƙura ta rufe shi. Wata rana da la'asar wani matashi a cikinmu ya tura katako, katakon ya zame, yatsunsa uku na hannun dama suka tafi. Har yau ina jin ƙarar injin yana ci gaba da juyawa, don babu wanda ya tuna da kashe shi. Aiki ya tsaya kwanaki. Mai wurin ya biya asibiti, odar da aka karɓa ta makara, mutum biyu suka ajiye aiki saboda tsoro, wanda aka ɗauko a madadin yaron kuma ya yi watanni yana ɓata katako kafin hannunsa ya faɗa. Saurin da ake taƙama da shi bai biya ko rabin wannan ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikinsu, wasu miliyan 395 kuma suna jin rauni. Asarar da hakan ke jawowa ta kai kusan kashi 4 cikin 100 na arzikin da duniya ke samarwa a shekara. Ita kuwa ƙungiyar ISSA, wadda ke haɗa hukumomin inshorar ma'aikata da fansho na ƙasashen duniya, da ta bincika ɗaruruwan kamfanoni a ƙasashe da dama, ta gano cewa duk kuɗin da aka kashe kan rigakafi yana dawowa ninki 2.2. Wani bincike da aka buga a 2012 kan kamfanonin jihar Kalifoniya ta Amurka ya nuna cewa waɗanda jami'ai suka kai wa ziyarar dubawa raunuka sun ragu musu da kashi 9.4, kuɗin jinya da diyya da kashi 26, kuma ba a ga alamar an rage ma'aikata saboda haka ba. Fashewar rijiyar mai ta Deepwater Horizon a 2010 ta kashe ma'aikata 11, ta kuma ci wa kamfanin BP sama da dala biliyan 60.

Amma zan faɗi gaskiya ko da ta rage wa hujjata ƙarfi: ba kullum lissafin ke faɗawa kan mai kamfani ba. A cikin mace-macen nan kusan miliyan 3, wajen miliyan 2.6 cututtuka ne ke jawo su, ba hatsarin farat ɗaya ba. Mai fasa dutse yana shaƙar ƙura yau, huhunsa ba zai nuna ba sai bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da ya daɗe da barin wurin. Babu takardar biyan kuɗi da za ta je teburin wanda ya ɗauke shi aiki. Matarsa ce za ta sayar da abin da take da shi, ɗansa ne zai bar makaranta ya kama neman abin da za a rufa asiri, asibitin gwamnati ne zai ɗauki sauran. An biya kuɗin tsaf, sai dai daga aljihun wanda ba shi da shi. Shi ya sa ban yarda a bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Sai da doka da masu dubawa. A Rana Plaza, wani bene mai masana'antun ɗinka tufafi a Bangaladash, an ga tsagewa a bango ranar 23 ga Afrilun 2013, aka ce ma'aikata su koma bakin aiki, washegari ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu.

Na kuma san akwai shirin kariya da ɓarnar kuɗi ne kawai: a manna allon gargaɗi, a cika takardu, a raba safar hannun da ba ta shiga hannun kowa. Na san mai ƙaramar sana'a yana fama da jari. To amma yawancin abin da ke ceton rai ba shi da tsada can. A zuba ruwa a bakin zarton dutse ƙura ta kwanta. A kashe inji kafin a sa hannu a share shi. A bar wanda ya kwana yana aiki ya je ya yi barci. A saurari ma'aikaci idan ya ce wayar wuta ta lalace.

Kashegarin ranar da yaron nan ya ji rauni, mai gyara ya sauko da murfin daga ƙusa, ya kakkaɓe shi, ya ɗaure da noti huɗu. Ina tsaye a wurin. Bai kai minti goma ba.