Kafin katangar kankare, ya mutanen bakin kogi suke yi da ambaliya?

Duk sanda ambaliya ta ci wani gari sai ka ji kowa na cewa a gina katanga, a ɗaga jinga, shikenan magana ta ƙare. Ni fa ba na ƙin katanga, abin da ke damuna shi ne yadda take sa mutane su saki jiki da kogi, alhali birane sun yi dubban shekaru a bakin ruwa babu wannan kankaren kuma ba zaman ganganci suka yi ba.

Ku duba Masar. Kafin a gama madatsar Aswan a 1970 duk shekara sai Nilu ya cika ya malale fadamu, mutane kuma sun san da zuwansa, garuruwansu a kan tudu suke, ruwa ya zagaye su, zirga-zirga sai da kwalekwale, in ya janye ya bar musu baƙar laka su yi shuka. Har rijiyar awon ruwa gare su a tsibirin Rauda a Alƙahira, tun 861 aka gina ta, in ruwa ya kai kamu 16 an san bana akwai abinci, in ya gaza a fara tattalin hatsi, in ya zarce da yawa a shirya wa ɓarna, haraji ma da wannan awon ake yanka shi. Wallahi wannan ilimi ne ba ƙarami ba.

Jenne ta ƙasar Mali ma a kan tudu take, kogin Bani ya cika ta koma tsibiri, babban masallacinta na ƙasa a kan dandamali mai tsayin kusan mita 3 yake zaune. A Ayutthaya ta Tailan kuwa gidajen ne a kan dirkoki, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi.

Kar wani ya ɗauka daɗi suka sha. Roma ta sha kashi a hannun kogin Tibar, ambaliyar 1598 har gada ta karya, sai bayan ta 1870 aka fara gina manyan katangun bakin kogin a 1876. Amma sau da yawa in ruwa ya yi musu ɓarna sai su kafa alama a bango, da shekara da inda ya tsaya, har yau suna nan a jikin cocin Santa Maria sopra Minerva, yaro ya taso yana gani ya san har ina kogin ke iya kaiwa.

To wannan sanin ne katanga ke kashewa. Ana gama ta sai a yanka fuloti a filin da ruwa ya saba kwanciya, a cika shi da gidaje da makarantu, talakan da ya saya ba wanda ya gaya masa hanyar ruwa ce. Ranar da ta fashe kuma ba tudun gudu, ba kwalekwale. A 2005 da jingar birnin New Orleans na Amurka ta ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na garin ruwa ya shanye, tsofaffi da yawa a cikin gidajensu suka rasu.